Takardar Tarar Gudu a New York: Wanda Ya Biya Ya Amsa Laifi

Idan ɗan sanda ya tsayar da direba a jihar New York saboda gudun wuce kima, ba ya karɓar ko sisi a bakin titi. Takarda yake miƙa masa, ɗauke da sunan titin, da sa'ar da abin ya faru, da gudun da doka ta yarda da shi a wurin, da kuma gudun da ya ce motar tana yi. Direbobi da yawa, musamman baƙi, sukan je gida su biya ta intanet don su huta da zirga-zirga. Amma a idon doka, biyan nan daidai yake da tsayawa gaban alƙali a ce, "Na aikata." Kuɗin na shiga, shari'a ta ƙare, laifin ya hau kan lasin.

Tarar da ake gani a fili kuwa ita ce ƙaramar asarar. A ɗauki wanda aka kama yana mil 46 a awa a kan titin mil 25, wato kimanin kilomita 40, wanda shi ne gudun da aka ƙayyade wa yawancin titunan birnin New York tun shekarar 2014. Ya wuce ƙa'ida da mil 21. Tararsa za ta faɗa tsakanin dala 90 zuwa 300, a ɗora masa kuɗin jiha na dole, dala 88 ko 93, gwargwadon kotun da ta yi hukunci. Sannan hukumar lasin ta jihar, DMV, ta zuba masa maki 6. Maki yana hawa ne da yawan gudun: 3 ga wanda ƙarinsa bai wuce mil 10 ba, 4 daga mil 11 zuwa 20, 6 daga 21 zuwa 30, 8 daga 31 zuwa 40, sai 11 ga wanda ya zarce haka. Wanda makinsa ya kai 6 kuma akwai wani haraji na daban da ke jiransa, dala 100 a kowace shekara har shekara uku. Kamfanin inshora ma yana duba wannan tarihi kafin ya yanka wa mutum farashi. Idan aka samu direba da laifin gudu sau uku cikin wata 18, lasin ya tafi na aƙalla wata shida.

Ga mai tuƙa motar gidansa wannan ciwon kai ne. Ga mai cin abinci da sitiyari kuwa, maganar tukunya ce. Unguwar Bronx cike take da 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya, kuma da yawansu tasi ko Uber suke ja. Hukumar tasi ta birnin tana nata lissafin makin, tana iya dakatar da direba tun kafin DMV ta motsa. Masu lasin manyan motoci sun fi kowa shiga tsaka mai wuya: a dokar tarayya, wuce ƙa'ida da mil 15 babban laifi ne, biyu irinsa cikin shekara uku na sauke mutum daga mota tsawon kwana 60, kuma an hana jihohi ɓoye musu irin wannan laifi.

To idan direba ya ce bai aikata ba fa? Abin da zai tarar ya danganta da inda aka tsayar da shi, domin jiha ɗaya ce amma tsari biyu ne.

A wajen birnin New York, sau da yawa takardar tana zuwa ne kotun gari ko ta ƙauye. Irin waɗannan ƙananan kotuna sun kai kimanin 1,200 a jihar, kuma alƙalai da yawa a cikinsu ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne da aka zaɓa. A nan ciniki ake yi, ba a ɓoye ba. Kafin a shiga gaban alƙali, direba ko lauyansa yakan gana da mai gabatar da ƙara, shi kuma ya duba tarihinsa. Idan tarihin fes yake, sai a yi masa tayin amsa wani ƙaramin laifi a madadin na gudu. Wanda ya fi shahara shi ne ajiye mota a kan kwalta, laifin da ba shi da maki ko ɗaya. Mutumin da aka kama yana sharara gudu sai ya fito da takardar da ta ce motarsa a tsaye take. Kowa a zauren ya san ba haka aka yi ba, alƙali ya sa hannu, a kira na gaba.

A cikin unguwanni biyar na birnin kuwa babu wannan ƙofa. Takardar gudu ba ta zuwa kotu irin wadda aka saba. Wani sashe ne na DMV yake saurarenta, a gaban alƙalin hukuma, kuma ba a ciniki: ko a same ka da laifin da aka rubuta, ko a wanke ka. Kwana 15 ake ba mutum ya ba da amsa. Ranar zama ɗan sandan zai yi rantsuwa ya ba da shaida, nauyin kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa yana wuyansa, direba kuma yana da damar yi masa tambayoyi, ba dole ne shi ya ce komai ba. Idan ɗan sandan bai zo ba, alƙali na iya korar ƙarar, yana kuma iya ɗage ta, don haka ba abin dogaro ba ne.

Tambayoyin da suke da amfani su ne waɗanda suka shafi yadda aka auna gudun. Na'urar rada tana harba igiyar rediyo ne zuwa ga mota; idan igiyar ta bugi motar ta dawo, yawan kaɗawarta yakan canza daidai da saurin motar, daga wannan bambanci ake fitar da lamba. Kotun ƙoli ta jihar ta amince da ingancin wannan ilimi tun 1958, saboda haka musanta shi ɓata lokaci ne. Abin da ake iya tuhuma shi ne aikin ranar. Shin an gwada na'urar kafin fara aiki da bayan tashi, da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake kaɗawa a gabanta? Igiyar rada tana buɗewa idan ta yi nisa, to a titi mai layi uku cike da motoci, ta yaya ɗan sandan ya san wace mota lambar take nufi? Na'urar hasken leza ta fi tsinin saiti, amma ita ma tana bukatar hannu mai natsuwa da horo. Akwai allon da ke nuna ƙa'idar gudu a wurin, ko reshe ya rufe shi? Hoton wurin da bidiyon kyamarar gaban mota sun fi dogon bayani tasiri.

Sai dai kada direba ya ɗauka rushe na'ura shi ne ƙarshen zance. A 1968 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa kintacen ido na ɗan sandan da ya ƙware ya isa hujja idan tazarar tana da yawa. A waccan shari'ar, 'yan sanda biyu ne suka ƙiyasta gudun mil 50 zuwa 55 a titin mil 30, hukuncin kuma ya tsaya. Shi ya sa ɗan sanda mai wayo yakan fara shaidarsa da abin da idonsa ya gani, sannan ya ce na'ura ta tabbatar.

Baki shi ke yanka wuya. "Sauri nake yi in kai yaro makaranta," ko "Ai ban wuce mil 35 ba," duk amsa laifi ne, kuma abin da direba ya faɗa a bakin titi yakan shiga rubutun ɗan sanda ya biyo shi har zaure. Roƙon "a yi haƙuri, yallaɓai" ba ya goge maki. Miƙa ɗan wani abu kuwa cin hanci ne, laifin da ke kai mutum kurkuku.

A ganina, tsarin cinikin nan ba abin yabo ba ne, duk da cewa ba zan hana wanda ya samu damarsa amfani da ita ba. An ƙirƙiro maki ne don a gane direba mai hatsari kafin ya kashe wani. Idan mai kuɗin lauya, ko mai aikin da zai iya bari na yini guda, zai wanke tarihinsa, wanda ba shi da ko ɗaya kuma ya biya ya ɗauki maki, to rajistar ta daina nuna wanda ya fi gudu, ta koma nuna wanda ya fi rashin gata. Garuruwan da ke cin moriyar tarar ma ba su da dalilin son a gyara. Gudun kuma ba ƙaramin abu ba ne: ƙarfin bugun mota yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, don haka motar da ke mil 35 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin wadda ke mil 25, tazarar tsayawarta bayan taka birki ma haka.

Tarar kyamara daban take. Kyamarorin yankunan makarantu a birnin, waɗanda suke aiki dare da rana tun watan Agustan 2022, suna ɗaukar motar da ta wuce ƙa'ida da fiye da mil 10, a aika wa mai motar takardar dala 50. Babu maki, domin kyamara lambar mota ta gani, ba fuskar direba ba.

Wanda aka samu da laifi a sashen DMV yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Akwai kuma kwas ɗin tuƙi da jiha ta amince da shi, wanda ke rage maki har 4 daga lissafin dakatarwa, ya kuma rage kashi 10 cikin ɗari na wani sashen kuɗin inshora tsawon shekara uku. Tun 2021 jihar ta daina dakatar da lasin saboda rashin kuɗin biyan tara, ta buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan a kowane wata. Wanda ya jefa takardar a aljihun mota ya ƙi amsawa kuwa, har yanzu ana dakatar da lasinsa, kuma tuƙi da lasin da aka dakatar laifi ne da ake iya kama mutum a kansa a gurfanar da shi a kotun masu laifi.