Mazaɓar Malumfashi/Kafur: Iyaka Ta Tsaya, Jama'a Na Ƙaruwa

Manomin Mahuta da ke Ƙaramar Hukumar Kafur yana zaɓen ɗan Majalisar Wakilai ɗaya tare da mutanen Malumfashi. Matasa da yawa sun tashi sun tarar da wannan tsari, har suna ganin haka abin yake tun fil'azal. Alhali kafin 1996 iyakokin mazaɓu a kudancin Katsina sun sha sauyawa.

Dalili na farko shi ne yawan kujerun majalisar. A zaɓen 1959 kujeru 312 ne, Arewa na da 174. A Jamhuriya ta Biyu suka kai 449, daga 1999 kuma suka koma 360. Duk sa'ad da adadin ya canza, sai an sake yanka mazaɓu.

Na biyu shi ne ƙirƙirar jihohi da ƙananan hukumomi a zamanin soja. Lardin Katsina ya shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, kafin a ba Katsina jiharta ranar 23 ga Satumba, 1987. Daga nan aka yi ta tsaga manyan ƙananan hukumomi: Kafur ta fita daga Malumfashi, Bakori da Dandume suka fita daga Funtua, har adadinsu a jihar ya kai 34 a 1996. A kansu aka gina mazaɓu 15 na tarayya. Biyar suna shiyyar Funtua: Malumfashi/Kafur, Funtua/Dandume, Bakori/Danja, Musawa/Matazu da Faskari/Kankara/Sabuwa.

Tsarin ya yi amfani. Ya kusantar da wakili ga talakawansa, ya kuma buɗe wa ƙananan garuruwa ƙofa. Aminu Bello Masari, ɗan ƙasar Kafur, ta wannan mazaɓa ya shiga majalisa a 1999, ya zama Kakakinta daga 2003 zuwa 2007.

Sai dai tun 1996 iyakokin suna nan inda aka bar su. Sashe na 73 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC alhakin sake duba su bayan aƙalla shekara goma, sashe na 74 kuma ya ce sai Majalisar Tarayya ta amince. A nan gizo ke saƙa, domin da wuya ɗan majalisa ya sa hannu a taɓa mazaɓar da ta kawo shi. Rigimar ƙidaya ta ƙara dagula lamarin, ga shi ba a sake yin wata ba tun 2006.

Illar a fili take. Mutanen jihar sun tashi daga kusan miliyan 3.75 a 1991 zuwa miliyan 5.8 a 2006, wato wakili ɗaya ya koma ɗaukar nauyin mutum kusan 387,000 maimakon 250,000. Ayyukan mazaɓa irin su rijiyar burtsatse, takin zamani da hanyar fitar da masara da auduga zuwa kasuwa ba sa isa ko'ina, rikicin karɓa-karɓa kuma yakan taso duk kakar zaɓe. Ƙarin rumfunan zaɓe da INEC ta yi a 2021 ya rage cunkoson layi ne kawai.

Ya kamata jama'ar shiyyar Funtua su riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'arsu matsayinsa kan sabuwar ƙidaya da sake shata mazaɓu, tun kafin su dangwala masa.