Ilmin Binciken Aiki: Asalinsa da Yadda A Ke Karanta Shi a Jami'a

Akwai wani fanni na ilmi wanda ba a cika jin labarinsa a makarantun horon malamai ba, ko da ya ke ya haura shekara 80 da kafuwa, kuma jami'o'i da yawa a Turai da Amurka suna ba da digiri na biyu da na uku a cikinsa. Sunan da Turawa suka sa masa ma'anarsa ita ce binciken yadda aiki ya ke gudana, saboda haka a cikin wannan takarda za a kira shi ilmin binciken aiki. Manufarsa ita ce a ɗauki wata ma'aikata, ko asibiti, ko rundunar soja, ko kamfanin sufuri, a auna yadda a ke sarrafa mutane da kuɗi da lokaci a cikinta, sa'an nan a yi lissafi a nuna wa shugabanni hanyar da ta fi. Masu neman shiga wannan karatu su kan zaci lissafin ne wuyarsa. Tarihin fannin kuwa ya nuna wuyar tana wajen sanin abin da ya kamata a ƙirga tun ba a fara lissafin ba.

Fannin ya samo asali a Ingila gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A wani wuri da a ke kira Bawdsey, a bakin teku, masana suna ta ƙoƙarin gyara na'urar nan mai hango jiragen sama tun daga nesa. Da aka yi atisaye cikin 1938 sai aka ga na'urar tana aikinta, amma labarin da tashoshi dabam dabam su ke aikowa ya kan saɓa wa juna, har ya ruɗa masu ba da umurni. Shugaban wurin, A. P. Rowe, ya ce a koma binciken yadda mutane su ke aiki da na'urar, daga nan ne sunan ya fito. Cikin 1940 Patrick Blackett, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel cikin 1948, ya tara wa sojan harbo jiragen sama wata ƙungiya mai ban mamaki. A cikinta akwai masana lissafi, da masana jikin ɗan Adam, da masanin taurari, da safiyo. Yawancinsu ba su san aikin soja ba, abin da suka iya shi ne tambaya da ƙirga.

Misali guda daga wannan yaƙi ya isa ya bayyana hankalin fannin, Philip Morse da George Kimball kuwa sun kawo shi cikin littafinsu na 1951. Ingilishi sun ɗora bindigogi a kan jiragensu na fatauci a Bahar Rum domin kāre su daga jiragen sama. Bindigogin suna da tsada, ga shi kuma ana bukatarsu a wasu wurare. Da aka duba sai aka tarar cikin hari 100, a wajen 4 kaɗai a ke kakkaɓo jirgin abokan gāba, har wasu suka ce asara ce, a kwashe su. Amma ba don a kakkaɓo jirage aka ɗora su ba, an ɗora su ne don kada jirgin fatauci ya nutse. Da aka sāke ƙirga ta wannan fuska sai aka ga cikin jiragen da aka kai wa hari, marasa bindiga wajen 25 cikin 100 sun nutse, masu bindiga kuwa wajen 10 cikin 100. Harbin ya kan firgita matuƙi, ya hana shi saiti. Ƙirgar farko daidai ta ke, ta biyu ma daidai ta ke, amma da an bi ta farko da an yi hasarar rayuka da dukiya. Tun ran gini, ran zane.

Bayan yaƙi masanan suka watsu cikin ma'aikatu. A Ingila hukumar kwal da kamfanonin ƙarfe suka ɗebi da yawa, aka kafa musu kulob a Landan cikin 1948, Amurkawa kuma suka kafa ƙungiyarsu cikin 1952. Jami'o'i suka biyo baya. Morse ya buɗe cibiyar fannin a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts cikin 1953. A makarantar Case, a birnin Cleveland, West Churchman da Russell Ackoff da Leonard Arnoff suka tsara karatun digiri, suka fitar da littafin koyarwa cikin 1957. Sabuwar Jami'ar Lancaster ta Ingila ta buɗe sashen fannin cikin 1964, da Patrick Rivett a matsayin shaihun malami.

Wanda zai shiga wannan karatu yawanci ya riga ya sami digiri na farko a lissafi, ko injiniya, ko ƙididdiga, ko tattalin arziki. Digiri na biyu shekara guda ne a Ingila, a Amurka kuwa guda ko biyu. Na dakta ya kan ci shekara huɗu ko biyar a Amurka. Ana koyar da abubuwa da dama, kamar lissafin ajiyar kaya a sito, da tsara hanyoyin motoci, da kwaikwayon ma'aikata a cikin kwamfuta don a gwada canji tun ba a taɓa ma'aikatar ba. Amma ginshiƙai biyu ne suka ɗauke ginin.

Na farko shi ne lissafin rabo. Ga kaya ƙayyadaddu, ga bukatu masu yawa, ga sharuɗɗa da ba a ƙetarewa, ana neman rabon da zai fi riba ko ya fi araha. Leonid Kantorovich ya fara warware irin wannan a Leningrad cikin 1939, sa'ad da wata masana'antar katako ta nemi ya raba mata aiki tsakanin injunanta. George Dantzig, yana yi wa sojan sama na Amurka aiki, ya gano cikin 1947 wata dabara wadda har yanzu a ke koyarwa, ana tashi daga rabo guda zuwa maƙwabcinsa wanda ya fi shi, har a kai inda babu sauran gyara. An gwada dabarar a kan wata tambaya ta George Stigler. Shi ya ɗauki abinci iri 77 da sinadarai 9 waɗanda jiki ke bukata, ya nemi abinci mafi araha da zai riƙe mutum shekara guda. Da laluben hankali ya sami dalar Amurka 39.93, bisa farashin 1939. Akawuna 9 suka zauna da injunan lissafi na hannu, suka yi aikin da ya kai na kwana 120 in mutum guda ne, suka sami 39.69. A yau kwamfutar ɗalibi ba ta cika daƙiƙa guda a kan wannan.

Dantzig da kansa ya ba da labari cikin 1990 cewa ya taɓa sa kwamfuta ta tsara masa abincin rage ƙiba. Ya umurce ta ta nemo abin da zai fi cika ciki, ban da nauyin ruwan da ke cikinsa. Sai ta ce ya sha galan 500 na ruwan tsamin nan da a ke kira khal, domin a cikin jadawalin da aka ba ta ba a rubuta cewa khal yana da ruwa ba. Dabarar ba ta yi kuskure ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa.

Ginshiƙi na biyu shi ne lissafin layi, watau jerin masu jira, wanda A. K. Erlang ya fara cikin 1909 yana aiki a kamfanin tarho na Kwapanhegan. A nan ne ɗalibi ya kan ci karo da abin da ya saɓa wa tunanin shugabannin ofis. A ɗauka akawu guda ne a taga, mutane suna zuwa ba bisa tsari ba, bukatar wani gajera ta wani doguwa. In akawun yana aiki rabin lokacinsa, matsakaicin mutanen da za a tarar a wurin 1 ne. In aikin ya kai kashi 80 cikin 100 na lokacinsa su zama 4, in ya kai 90 su zama 9, in ya kai 95 su zama 19. To, shugaban da ya ga akawu a zaune ya ce ɓarna ce, ya rage ma'aikata har ba mai hutawa, ya ƙara kyan lissafin ofishinsa, amma ya ɗora wa jama'a asarar yini. In asibiti ne, asarar ta kan wuce ta yini. Kaya ma suna bin layi. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita a shekarun 1950 layi ce, domin gyaɗa tana shigowa da kaka fiye da yadda jirgin ƙasa ya ke iya kwashewa zuwa Ikko. Lissafi zai faɗi tsawon layin, amma ba zai faɗi ko lokacin akawu ya fi na mai jira daraja ba. Wannan hukunci ne na mutane.

A kan wannan ne gardama ta tashi tsakanin malaman fannin. Da karatun ya zauna a jami'a sai ya karkata wajen abin da ya fi sauƙin koyarwa da jarrabawa. Tambaya a aji ta kan zo a wanke, an faɗi abin da a ke nema, an ba da lambobi. Cikin 1979 Ackoff, wanda da hannunsa aka kafa karatun, ya rubuta wata maƙala mai zafi ya ce fannin ya riga ya bar gobensa a baya. Hujjarsa ita ce shugaban ma'aikata ba ya fuskantar matsala guda a ware, abin da ke gabansa tarin matsaloli ne a cuɗe, masana kuwa sun koma neman matsalar da ta dace da dabarunsu. Lalle ya yi tsanani, gama bayan maƙalarsa lissafin rabo ya ci gaba ƙwarai, kamfanonin jiragen sama suna tsara ma'aikatansu da shi, har an kai ga haɗa masu ba da ƙoda da majinyatan da jikinsu zai karɓa. Duk da haka zargin da ya yi wa tsarin koyarwa yana da ƙamshin gaskiya.

A Lancaster, Peter Checkland ya bi wata hanya wadda ya bayyana cikin littafinsa na 1981. Kafin a rubuta lamba ko guda, mai bincike ya zauna da kowane ɓangare na ma'aikatar, ya ji abin da kowa ya ɗauka shi ne aikinta, domin likita da ma'aji da majinyaci ba abu guda su ke nufi ba in sun ce asibiti yana tafiya daidai. Jami'o'in Ingila da yawa sun sa irin wannan darasi kusa da na lissafi, kuma su kan rufe digiri na biyu da aikin wata uku, inda a ke tura ɗalibi wani kamfani ko hukuma ya yi fama da matsala ta gaske, ya rubuta rahoton da shugabannin wurin za su iya karantawa. Digirin dakta a Amurka kuwa ya fi ƙarfi wajen lissafi zalla, masu shi da yawa su kan zama malaman jami'a ko masu ƙirƙiro sababbin dabaru a manyan kamfanoni. Malamin da ɗalibinsa ya nemi shawara a kan wannan karatu ya kamata ya duba manhajar jami'ar da a ke so, ya ga ko akwai irin wannan aiki na wata uku a cikinta, da kuma ma'aikatun da ta saba tura ɗalibanta.