Yadda Ake Sa Mitar Wuta Ta Faɗi Zafi ko Yawan Ruwa

Mitar wuta mai nuna lambobi, irin wadda masu gyaran rediyo da sola ke haɗawa da hannunsu, ƙarfin lantarki kaɗai take aunawa. Amma duk abin da sensa za ta iya mayarwa lantarki, zafi ne ko nauyin ruwa, mitar za ta iya nuna shi, in an daidaita ta. A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, ruwan ƙasa yana da zurfi, don haka garuruwa da yawa sun dogara da famfon sola mai tura ruwa cikin tanki a sama. Mai kula da famfo ya fi buƙatar sanin tsayin ruwan da ya rage, ba yawan bolt ba.

Galibin irin waɗannan mitoci an gina su ne kan guntun IC mai suna ICL7106 ko ICL7107, waɗanda kamfanin Intersil ya ƙirƙiro. Dukansu ba sa wuce lamba 1999. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a raba wutar da ta shigo da wutar ma'auni da aka tsayar wa mitar, a ninka da 1000, abin da ya fito shi ke bayyana. Wutar ma'aunin kuwa ana sauya ta da ɗan abin murɗawa, kuma a nan dabarar take.

Auna zafi ba ya da wuya. Sensar LM35 tana ba da milibolt 10 kan kowane digiri. Idan zafin Afrilu ya kai digiri 43, za ta fitar da milibolt 430. Mitar da aka tsayar wa ma'auni kan bolt 1 za ta rubuta 430. Sai a kunna ɗigo kafin lambar ƙarshe, a karanta 43.0.

Ruwan tanki ya fi neman lissafi. Sensar da ake sakawa a ƙasan tanki tana jin nauyin ruwan da ke kanta, kuma da yawansu suna ba da miliamfa 4 zuwa 20: 4 idan babu ruwa, 20 idan ya kai iyakar sensar. An zaɓi 4 maimakon sifili da gangan, domin in waya ta tsinke a gane. A ɗauki sensa mai iyakar santimita 1000. Idan wutarta ta ratsa rezisto mai om 10, za a samu milibolt 40 zuwa 200. Gyara biyu ake yi. Da farko a ba ƙafar IC ɗin mai suna IN LO milibolt 40, don tanki maras ruwa ya nuna sifili. Sannan a tsayar da ma'auni kan milibolt 160, wato tazarar da ke tsakanin 40 da 200. Daga nan kowace lamba a fuskar mitar santimita ɗaya ce ta ruwa. Wanda ya tsallake gyaran farko zai ga tanki ya ƙafe alhali mitar na cewa da saura.

Mayar da santimita zuwa lita da wannan mitar yana yiwuwa ne kawai idan faɗin tankin ɗaya ne daga ƙasa har sama. Tankin da aka kwantar, ko mai tsukakken gindi, sai an koma ga ƙaramar kwamfuta irin Arduino, mai iya lissafin da ba miƙaƙƙe ba.

Zafi yana karkatar da ma'auni, don haka a ajiye mitar a inuwa, cikin akwatin da ƙura ba ta shiga, a riƙa gwada ta da igiyar awo lokaci zuwa lokaci. ICL7106 ta fi dacewa da Damargu: batirin bolt 9 ya ishe ta, kuma lambobinta suna karantuwa cikin rana tsaka, inda jajayen fitilun ICL7107 ke dusashewa. Sharaɗinta shi ne batirinta ya zama nata ita kaɗai, kada a haɗa shi da wutar da ke ciyar da sensar.