Tantance zaɓin umurni a cikin Stata

A cikin Stata, umurnin « syntax » ne ke tace abin da mai aiki ya rubuta bayan waƙafi. In muka ƙayyade « kaso(real 0.05) », ba za ya karɓi kalma a gurbin lamba ba: sai ya tsaida aiki da kuskure 198. Amma iri kawai yake dubawa, ba ma'ana ba. Ɗalibin da ya rubuta « kaso(5) », yana nufin biyar bisa ɗari, za ya wuce, lissafi ya fito gurgu babu gargaɗi. Don haka muke ƙara sharaɗi da kanmu: lambar ta kasance tsakanin 0 da 1, in ba haka ba « exit 198 ». Sharaɗin « > 0 » shi kaɗai bai isa ba, domin Stata na ɗaukar gurbin da babu lamba ya fi kowace lamba girma.