Digiri daban, lasisi daban: Kafin ka tura ɗanka karatun gyaran jirgin sama

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ƙetare kogin Logon da kaya daga Yagwa zuwa Bongor ya san cewa kyawun haja ba ya fitar da ita daga hannun kwastan, sai takarda. To haka lamarin yake ga yaranmu da suka ga jirage na sauka da tashi a Garwa ko Marwa, suka dawo gida suna cewa su injiniyoyin jirgin sama za su zama.

Abin da iyaye da dama ba su sani ba shi ne, digirin jami'a bai ba yaro ikon sa hannu a kan cewa jirgi ya gyaru, zai iya ɗaukar fasinja ba. Wannan iko na mai lasisi ne, kuma ba makaranta ke bayar da shi ba, sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato CCAA a Kamaru, NCAA a Najeriya. Dukkansu suna bin ƙa'idar hukumar duniya ta ICAO, wadda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar. Sai yaro ya cika shekara 18, ya ci jarrabawa, sannan ya yi shekara 4 yana aiki a jikin jirgi, ko shekara 2 idan ya kammala kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. Ke nan bayan kuɗin makaranta, uba ya shirya wa ƙarin shekaru na almajirancin gareji.

Kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da masu gyara, sai dai da Turanci, alhali yaranmu da Faransanci suka tashi. Akwai kuma EAMAC a Yamai, amma kada a ruɗe, ita masu ba jirage hanya da masu duba yanayi da na'urorin filin jirgi take yayewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne iyaka. Lasisin Najeriya ba ya aiki a kan jirgi mai rajistar Kamaru sai CCAA ta tantance shi ta amince. A ganinmu, kafin uba ya canza sefarsa zuwa naira, ya fara aika tambaya ofishin CCAA da ke Yawunde, a faɗa masa a rubuce ko sun yarda da makarantar da yake nufi.