Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Idan mutum ya tashi daga Kakuri ya haye kogin Kaduna, ya yi arewa kamar mil 50, sai ya isa Zariya. Yamma da birnin akwai wani gari a gindin dutse, sunansa Wusasa. A nan akwai wata tsohuwar majami'a, watau ɗakin da Kirista ke yin sujada. Ana kiranta St. Bartholomew.

Ga asalinta. A shekarar 1905 wani Bature ɗan Mishan, Likita Miller, ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara karatu. Shi ne ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga a 1932. A 1929 Mishan suka fita daga birni suka koma Wusasa. Can suka kafa makaranta da asibiti, suka gina wannan majami'a. 'Yan makaranta a cikinta suke addu'a. Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a makarantar nan ya fara karatu.

To, abin lura shi ne, ba ginin Turawa aka yi ba. Da ƙasa aka gina ta, irin ginin Hausa. A irin wannan gini, magina sukan kwaɓa ƙasa su yi tubali, su tā da bango mai kauri. Kana su kawo azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, su ɗaura bakan gizo ya ɗauki rufi. Saboda kaurin bango, ɗaki yakan yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Da wannan sana'a Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun kafin zuwan Turawa.

Jama'a, kada mu raina ginin ƙasa. Babban abokin gabansa ruwa ne. Kafin damina a gyara indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Wanda ya yi haka, jikokinsa za su gaji soronsa. Wanda ya yi sakaci kuwa, damina biyu ta isa ta kā da shi.

Tambayoyi
1. A wace shekara Mishan suka koma Wusasa?
2. Da me aka gina majami'ar?
3. Me ya kamata mai soro ya yi kafin damina?