Daga Dangora zuwa bakin teku: layin da aka shimfiɗa don jirgin ruwa

Tsakanin Dangora da teku akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma da yawa cikin masu sayar da rake da gasasshiyar masara a Kwanar Dangora ba su taɓa ganin jirgin ruwa ba sai a waya. Duk da haka, layin dogon da ya ratsa ƙasarsu, tsakanin Kano da Zariya, saboda jirgin ruwa aka shimfiɗa shi. Waɗanda suka zana shi, hankalinsu yana kan yadda buhu da fasinja za su tashi daga cikin ƙasa su iske jirgin Ingila kafin ya ɗaga. Tun daga wancan lokaci har yau, nisa bai taɓa zama babbar matsalar wannan tafiya ba. Inda ake shan wuya shi ne mahaɗa, wato wurin da za a sauka daga wannan abin hawa a hau wancan.

A 1907 aka fara aikin, zamanin Percy Girouard, injiniyan reluwe ɗan ƙasar Kanada da aka naɗa ya shugabanci Arewa bayan Lugga. Layin bai nufi Legas ba. Baro ya nufa, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara, da tunanin cewa daga can jiragen kogi za su kwashi kaya zuwa Burutu da Forcados, inda manyan jiragen teku ke tsayawa. Layin, mai tsawon mil 356, ya iso Kano a 1911. A takarda dabara ce mai kyau, domin sufurin ruwa ya fi araha. Sai dai kogi ba ya bin umarnin gwamna. Da rani ya kama, ruwa ya ja baya, manyan jiragen kogi ba sa iya isowa Baro, kaya kuma sai su taru a gaɓa suna jiran damina. Cikin ɗan lokaci layin da gwamnatin Legas ke turowa arewa ya haɗu da na Baro a Minna, a 1912, daga nan kuwa Baro ta fara dusashewa.

Hanyar Legas ma ba miƙaƙƙiya ba ce. A Jebba babu gada a kan babban reshen kogin sai 1916, don haka sai a tura taragai cikin jirgin fito a haye da su, a sake ɗaura su a wancan ƙetaren. In an isa Iddo, ƙarshen layi, wani aikin ne sabo. Bakin tashar Legas a toshe yake da yashi, babban jirgi ba ya iya shigowa, sai ya tsaya can cikin teku a aika masa fasinja da kaya a ƙananan jirage. A gaɓar Afirka ta Yamma a wancan zamani, akan zaunar da fasinja cikin wata kujera mai kama da akwati, a ɗaga shi da ƙugiya, a yi lilo da shi bisa igiyar ruwa har a dire shi. Sai da aka gina katangun duwatsu cikin teku aka kuma yashe mashigar, sannan jirgin wasiƙu na farko, Akoko, ya shigo tashar Legas a Fabrairun 1914. Zuwa 1926 an kammala matsayan jirage huɗu masu zurfi a Apapa, dogo kuma ya shiga har cikin tashar. Daga wannan lokaci ne tarago ya iya tsayawa gab da jirgin ruwa, ƙugiya ta ɗauki buhu daga wannan ta jefa cikin wancan.

Da mahaɗa ta gyaru, sai aka samu abin da ya fi kowane jirgin ƙasa daraja a Nijeriyar mulkin mallaka: jirgi na musamman mai ɗakunan kwana da taragon cin abinci, wanda aka tsara tashinsa da saukarsa daidai da zuwan jirgin wasiƙu na kamfanin Elder Dempster. Lokacinsa ba a Kano ake yanke shi ba, ba kuma a Kaduna ba. Ranar da jirgin ruwa zai ɗaga daga Apapa ita ce ke faɗa wa Kano ranar da za a tashi. Yawancin fasinjojinsa Turawan mulki ne masu tafiya hutu da ma'aikatan kamfanoni, amma sarakuna ma sun bi wannan hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta Legas da Ingila ya bi zuwa aikin hajji a 1921, abin da zai ba alhajin yau mamaki. A 1934 Sarkin Kano Abdullahi Bayero, tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman, suka ziyarci Ingila ta ruwa. A can Liverpool ma haka tsarin yake a wancan zamani: akwai tashar jirgin ƙasa mai suna Riverside a jikin matsayar jiragen ruwa, fasinja ya sauko daga wannan ya taka 'yan ƙafafu ya hau na Landan.

To, mene ne rabon ƙaramar tasha irin ta Dangora a cikin wannan? Layin ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Don haka dole a bar tashoshi a tazara-tazara inda dogo ya rabu biyu, wani jirgi ya raɓe ya jira wani ya wuce. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa alamar izini daga hannun mai kula da tasha, wanda shi kuma sai ya yi waya da maƙwabcinsa ya tabbatar hanya a buɗe take. Injin gawayi kuma mashayin ruwa ne, yana bukatar wuraren da zai tsaya ya sha. Jirgin manya ba don mutanen irin waɗannan tashoshi aka yi shi ba, amma tsayawar jiragen kaya da na talakawa ta isa ta raya gari. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragai. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, har abin da aka fitar a 1913 ya kai kusan tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata bai kai 3,000 ba. Duk tashar da ke kan layi ta zama wurin sikeli: jakuna da raƙuma su kawo, a auna, a ɗinke buhu, 'yan dako su loda. Dalar gyaɗar Kano da ake ta sha'awa a hoto, in an bi ta a hankali, kaya ne da suka taru saboda taragai ba su isa su kwashe su zuwa Apapa da wuri ba.

Jirgin sama ne ya kashe tafiyar fasinja ta ruwa. Aureol, jirgin Elder Dempster na ƙarshe a wannan hanya, wanda ya fara aiki a 1951, ya daina zuwa Legas a 1974; ba mai son ya kwashe kusan mako biyu a teku alhali daga filin jirgin Kano zai kwana a Landan. Reluwe kuma ta bi ta lalace, tirela ta karɓe kaya. Kasuwa ta tashi daga bakin dogo ta koma bakin kwalta. Yau masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada ta Kwanar Dangora suke fitowa su hau babban titi, kuma matuƙin da ya tsaya shan shayi a kwanar ba lallai ne ya san da wata tashar jirgin ƙasa a yankin ba.

A ƙasashen da har yanzu fasinja ke hawa jirgin ruwa, galibi don yawon shaƙatawa, tsohuwar matsalar tana nan daram. Kamfanoni na tallata cewa jirginsu zai tashi daga birnin Rum, alhali Rum ba ta bakin teku. Tashar tana Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa daga babbar tashar Termini yana kai mutum can cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, a kuɗi kaɗan, amma ba ya kai shi jikin jirgin ruwa. Zai sauka da akwatunansa, ya nemi bas zuwa ƙofar tashar ruwa, sannan ya hau wata motar da ke zagayawa da fasinja zuwa matsayar jirginsa, domin tashar tana da faɗi kuma ba a barin mutum ya yi ta yawo a ciki da ƙafa. Wanda bai son wannan ɗawainiya sai ya biya motar kamfanin jirgin, mai tsada ninkin-ba-ninkin. Abin da yake saye da wannan kuɗi tabbaci ne: in motar kamfani ta makara a hanya, kamfanin ne zai san yadda zai yi da shi, in shi ya yi wa kansa shiri ya makara, jirgi zai ɗaga ya bar shi a gaɓa, ya bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Shi ya sa masu yawan tafiya ke kwana a garin tun jajibiri. Ba taurin kai ne ke hana jirgin ruwa jira ba. Matsayar da yake ciki haya ce ta sa'o'i, wani jirgin na bayansa, kuma tasha ta gaba ta riga ta ba shi lokaci.

Mu a nan kwantena ce fasinjarmu, kuma ita ma dokar ke nan. A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, inda ɗan kasuwa zai iya biyan kwastan ya karɓi kayansa a Kano ba sai ya je Legas ba. Irin wannan tasha da dogo take rayuwa. In babu jirgi mai zuwa a kan kari, ta zama garejin tireloli mai ofishin kwastan. A 2024 an sake tayar da jigilar kwantena daga Apapa zuwa Kano a kan tsohon layi, sai ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 ta lalata wani ɓangarensa.

Sabon layin kuwa gutsure-gutsure yake. Tsohon dogo faɗinsa milimita 1,067, sabon kuma 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Legas zuwa Ibadan ya fara a 2021, da reshe har cikin Apapa. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda zai ratsa kudancin jihar, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka soma a shekarar. Amma tsakanin Ibadan da Abuja babu sabon dogo. Ko gobe aka gama na Kaduna zuwa Kano, kwantenar da ta bar Apapa a sabon layi za ta sauka a Moniya, wajen Ibadan, ta hau tirela. Tashar ruwa mai zurfi ta Lekki, wadda aka buɗe a 2023, ita ko dogon ma ba a haɗa ta da shi ba.

A ganina, shugabannin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa bai kamata su tsaya ga murnar cewa jirgi zai ratsa ta wajensu ba. Jirgin manya na zamanin Turawa ma ya ratsa. Tambayoyin da suka dace ƙanana ne, kuma ba a yi musu bikin yanke ƙyalle: ina za a ajiye reshen dogo da tarago zai raɓe a yi masa lodi? Akwai rumfar ajiya da sikeli? Wane titi ne zai kai motar masara daga Doguwa zuwa nan ba tare da ta kafe da damina ba? Sau nawa a mako jirgin kaya zai tsaya, kuma wa zai biya in ya makara? Dillalin hatsi da ya yi alkawarin kai kaya Legas ranar Alhamis zai ci gaba da kiran mai tirela, ko da kuɗin ya fi yawa, har ranar da reluwe za ta iya rubuta masa rana a takarda ta kuma cika.